Sarkin Ruɓa: Malam Ɗahiru Bube Wurno, 1952–2023

Haihuwa da Nasaba

An haifi Malam Ɗahiru a garin Wurno a cikin daminar shekarar 1952, ba a kuwa riƙe ranar ba, domin a wancan zamani ba a ga amfanin riƙe ta ba. Mahaifinsa shi ne Malam Bube, manomin albasa da tafarnuwa a fadamar gulbin Rima, mahaifiyarsa kuwa Husainatu, mutuniyar Marnona. Shi ne na uku a cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya girma. Malam Bube yana da ƙanwa guda mai suna Kaka, wadda ta haifi 'ya mace wata huɗu kafin haihuwar Ɗahiru, aka raɗa mata suna Sauda. Ke nan Sauda da Ɗahiru taubasai ne, ɗiyar mace da ɗan namiji, waɗanda al'ada ta halatta wa su yi wa juna ba'a iya son ransu ba tare da an yi fushi ba. Galibin jama'a sukan taɓa wannan dama a wurin biki ko suna, su ajiye. Sauda ta ɗauke ta sana'a, ta yi shekara saba'in a kanta ba ta nemi hutu ba.

Karatu

An sa shi makarantar allo yana ɗan shekara biyar, ya kai izu arba'in. A 1960 aka kai shi firamare a nan Wurno, ya gama a 1966. Waɗanda suka yi aji da shi sun yi ittifaƙi a kan cewa bai taɓa zuwa na ɗaya ba, bai kuma taɓa barin lissafi bai gama ba, ko da an tashi makaranta an bar shi da awaki. Ya zauna jarrabawar shiga makarantar gaba sau biyu bai samu ba, yana shirin ta uku mahaifinsa ya miƙa masa fartanya. Sauda, wadda ba ta yi boko ba, ta taƙaita tarihin karatunsa da cewa Allah bai ba shi kai ba, sai ya ba shi naci a madadi.

Aiki da Aure

A 1970 aka yi auren Sauda da Malam Atiku, masunci kuma manomi a Goronyo, inda daga baya ta shahara da sayar da tuwo da miyar kifi a bakin kasuwa. Shekara guda bayan haka Ɗahiru ya sami aikin lebura a sashen gona a Rabah. Aikinsa shi ne auna iri da ƙulla shi da rubuta suna da kwanan wata a jikin kowane ƙulli, kuma wannan ɗabi'a ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. A 1975 ya auri Zakiyya, ɗiyar manoman gero ta Sisawa, wadda ba ta san albasa ba sai a cikin miya. A ƙarshen 1977 Allah ya yi wa Malam Bube rasuwa, Ɗahiru ya ajiye aiki ya dawo Wurno ya karɓi fadama da ɗawainiyar mahaifiya da ƙanne.

Alkawarin 1978

Albasa ana dasa ta da sanyi, a cire ta a farkon bazara, kowa a lokaci guda, har ta cika kasuwa ta rasa mai kallonta. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta wuce shi ke cin moriyar wahalarsa. To amma tsakanin bazara da kaka akwai watanni na zafi da laima, kuma a cikinsu fiye da rabin abin da aka zuba a rudu yakan narke. Rudu shi ne rumfar kara da ciyawa mai ɗagaggen gado wadda ake jibge albasa a ciki don iska ta riƙa ratsa ta.

A shekararsa ta farko Malam Ɗahiru ya ƙi sayar da ko buhu guda. Ya gina rudu biyu a bayan gida, bisa hujjar cewa ya yi shekara shida a sashen gona, ya san abin da sauran manoma ba su sani ba. A watan Agusta wari ya kai masallacin unguwa, liman ya aiko da saƙo cikin ladabi. An yi kwana biyu ana kwashe ruɓaɓɓiyar albasa da jakai, gidan kuwa ya ci tuwon dawa na taimakon surukan Sisawa har kaka.

A ranar Ashura, goma ga watan Muharram, taubasai sukan ba juna abin da ake kira shara, wato 'yar kyautar sabuwar shekara. Masana al'ada sun yi saɓani a kan wanda ke bayarwa da wanda ke karɓa, amma Sauda ba ta taɓa jiran fatawarsu ba, karɓa take yi. Ashurar waccan shekara ta faɗo a watan Disamba. Sauda ta iso daga Goronyo a bayan motar kaya, ta tsaya a tsakar gida, ta shaƙi iska, ta ce: "Sarkin Ruɓa, ran sarki shi daɗe. Ina sharata?" Ya laluba aljihu, ta ce ba ta son abin da ke wari. A nan ne, gaban mahaifiyarsa da matarsa da maƙwabta biyu, ya faɗi maganar da ta cinye masa sauran rayuwarsa. Ya ce: "Baɗi in kin taho, ki sa hannu cikin rudu da kanki, ba bisa ba, tsakiya, ki ɗebo goma. In kin iske guda ta ruɓe, ban ba ki shara ba." Sauda ta juya ga mutane ta ce: "Kun dai ji. Ni ban tambaye shi ba, shi yaf faɗi."

Laƙabin ya bi shi daga ranar. Mutanen Wurno suka taƙaita shi suka riƙa ce masa Sarki, har baƙi sukan cire takalmi idan za su gaishe shi, shi kuwa bai taɓa hana su ba.

Shekarun Gwaji, 1979–1986

Kowace Ashura Sauda takan zo, ta naɗe hannun riga, ta kau da kai, ta zura hannu tsakiyar rudu ta fito da goma. Takan jera su a faifai, ta yanke kan kowace da wuƙarta, ta leƙa ciki, ta sansana. Waɗanda suka ruɓe ta tura masa, waɗanda suka fito lafiya ta ƙulle a gefen zane ta ce na miya ne. A 1979 biyu suka fito lafiya. A 1980 uku. A 1982 guda ɗaya, abin da ya danganta ga yawan ruwan sama, ko da yake babu wanda ya tuna an yi wani ruwa a shekarar.

Manufarsa ita ce ya fitar da irin da ke jure damina, ta hanyar zaɓen albasar da za a sake binnewa ta yi fure ta ba da iri. Aikin yana cin shekara biyu kafin a ga sakamakon zaɓe guda, saboda haka duk kuskure shekara biyu ne. Kuskurensa kuwa shi ne na kowa: yakan ware manya-manya masu ƙaton wuya ya ce su ne na iri, ƙananan ya ba matarsa ta yi miya. A 1981 Zakiyya ta ce masa: "Malam, waɗanga ƙanana masu ɗan siririn wuya da kaka ba ni, ba su ruɓewa. Manyan da kaka ajiyewa su ka fara tahiya." Ya amsa mata da cewa miya daban, noma daban. Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai ta rataye ƙananan a ragar igiya daidai ƙofar ɗakinsa, inda dole ya sunkuya ya wuce ƙarƙashinsu safe da yamma. Ya yi shekara biyar yana sunkuyawa. A 1986 ya sanar da abokansa a majalisa cewa bincikensa ya nuna masa siririn wuya da matsattsen ɓawo su ne sirrin ajiya. Zakiyya da ta ji labari ta yi masa barka.

A tsakanin waɗannan shekaru, a daminar 1983, ƙyanda ta shiga unguwar ta ɗauki 'ya'yansa biyu a cikin mako guda. Ashurar shekarar Sauda ta zo, ta zauna tare da Zakiyya tun hantsi har la'asar, ba ta dubi inda rudu yake ba, ba ta kuma ambaci laƙabin ba. Tana shirin tafiya shi da kansa ya tashi ya buɗe rudun, ya tsaya yana jira. Ta sa hannu. Uku suka fito lafiya. Zakiyya ta ce wannan ce rana ta farko da ya ci abinci ya cinye tun bayan rasuwar.

Shekarun da Wata Ya Matso, 1987–2006

Bayan gyaran zaɓe, ya ƙara wasu sharuɗɗa da ya gano da kansa ta hanyar hasara: ya rage takin zamani, ya daina ban ruwa mako biyu kafin cira, ya riƙa barin albasa a gona ƙarƙashin ganyenta har wuya ya bushe. Maƙwabtansa suna cika buhu da manya, shi yana cika nasa da matsakaita, kuma wannan ya jawo masa dariya a kasuwa da ƙarancin miya a gida. Zakiyya ta riƙe gidan da saƙar faifai da kiwon tumaki, ba ta taɓa cewa ya bari ba, ko da yake an ji ta sau ɗaya tana gaya wa ƙanwarta cewa da rudu mace ce da tuni ta san matsayinta.

Akwai abin da Malam Ɗahiru bai lissafa ba ranar da ya yi alkawari yana ɗan shekara ashirin da shida. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma sha ɗaya, saboda haka Ashura tana ja da baya a cikin lokutan shekara, daga sanyi zuwa kaka, daga kaka zuwa damina, har ta iso bazara. Kowace shekara kwanakin da albasa za ta yi a rudu kafin zuwan Sauda suna raguwa. A watan Yuni na 1994, wata uku kacal bayan cira, goma suka fito lafiya a karon farko. Ya aika a kira maƙwabtan da suka shaida alkawari, ɗaya ya riga ya rasu, ɗayan ya zo da sanda. Sauda ba ta ma fito da wuƙa ba, da babban yatsa ta danna su, ta ƙulle, ta ce: "Ba kai kay yi ba, wata na yam matso. Randa kay yi alkawali da mayahi biyu nit taho. Sai na koma tahowa da mayahi biyu mu yi magana."

Ya kai ƙara wurin mahaifiyarsa, ta ce gaskiyar Sauda ce. Ya zauna ya yi lissafi, wanda ya ɗauke shi yini guda, ya gano cewa Ashura ba za ta koma cikin sanyi ba sai bayan shekara goma sha uku. Mai tattara wannan tarihi, wanda ya taɓa dasa albasa sau ɗaya aka ba shi shawara ya riƙe aikin ofis da kyau, yana ganin a nan ne mai hankali zai ce ya biya ya huta. Malam Ɗahiru bai ce ba. Ya shiga gwada kansa da kansa duk watan Disamba, yana kau da kai kamar yadda take yi, yana rubuta abin da ya fito a jikin ƙullin iri.

A cikin wannan zango mahaifiyarsa ta rasu a 1997, Malam Atiku mijin Sauda ya rasu a 2001, babban ɗanta Uwaisu ya gaji gonarsa. A 2004 Malam Ɗahiru ya aurar da babbar 'yarsa Sharifa a Rabah.

Ambaliya, 2010

Ashura ta koma cikin sanyi a watan Janairu na 2007, wata goma bayan cira, wato gwajin ya fi na farko tsanani. Shida suka fito. A Janairun 2008 bakwai. A ƙarshen Disamban 2009 tara, ta goma kuwa ɗan baƙi ne kawai a cibiyarta, wanda shi bai gani ba sai da Sauda ta kai masa ita daf da ido.

A watan Satumba na 2010 gulbin Rima ya yi ambaliyar da tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin irinta ba. Ruwa ya ci fadama, ya shiga bayan gari, ya tafi da rudu uku da ɗakin da yake ajiye ƙullin iri na shekara talatin. Iyalinsa sun tsira da rayukansu da tumaki huɗu. Bayan ruwa ya janye, maƙwabta suka nemo iri daga kasuwa suka yi renon dashe, shi kuwa ya shimfiɗa buzu a zaure ya zauna. Yana ɗan shekara hamsin da takwas. Ya gaya wa ɗansa Ja'afar cewa ya ba da fadamar a shuka shinkafa, domin ba shi da wata shekara talatin a aljihu.

Ashura ta faɗo a tsakiyar Disamba. Kowa a gidan ya ɗauka Sauda za ta yi irin zuwan da ta yi shekarar ƙyanda. Ta sauka daga kabu-kabu da mayafi biyu, Uwaisu yana biye da ita a kan nasa babur da buhu a baya. Ta tsaya bakin zaure ta ce: "Sarkin Ruɓa, ina sharata?" Ya ce: "Sauda, ki ji tsoron Allah. Mi ar rage?" Ta ce: "Uwaisu, sauke mai kayanai." Aka kwance buhu, sai ga dashen albasa ɗauri-ɗauri, da jiƙaƙƙen tsumma a saiwarsu.

Abin da ya bayyana a ranar shi ne, albasar da take ƙullewa a gefen zane ba ta taɓa shiga miya ba. Tun 1979 take kai wa mijinta ya binne su a wata 'yar gona da ke kan tudu a Goronyo, su yi fure, ta tara irin a gwangwani, bayansa ɗansu ya ci gaba. Yankan kai da take yi musu da wuƙa shi ne ainihin yankan da ake yi wa albasar iri kafin a binne, kuma mutumin da ya yi shekara shida a sashen gona ya yi shekara talatin yana kallon wannan yanka bai gane ba. Ya ce: "Ashe ba ki ci su ba." Ta ce: "In ci mi? Ni tuwo nika saidawa, ina da mutunci ga jama'a. Tashi, dashe ba shi jiran tsoho shi gama tunani." Washegari da asuba ya sauka fadama, Zakiyya ta bi shi da fura, Ja'afar ya je ya janye maganar shinkafa.

Goma, 2013

A Ashurar 2011 takwas suka fito. Ya zaɓi na iri, wannan karon Zakiyya tana zaune kusa da faifai, duk wadda ta girgiza wa kai sai ya ajiye ta gefe kamar shi ya ga aibinta. A tsakiyar Nuwamban 2013, shekara talatin da biyar bayan alkawari, wata takwas bayan cira, Sauda ta zura hannu tsakiyar rudu ta fito da goma. Ta yanke ta farko, ta biyu, har ta tara, duk lafiya. Ta goma ta daɗe tana juya ta, ta yanke, ta sansana, ta sake yankewa ƙasa kaɗan ko za a dace. Ta goge wuƙa a zane, ta dubi faifai, ta ce: "Sun yi ƙanana." Malam Ɗahiru ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Sauda ta ƙulle goman, ta nemi ruwan alwala alhali lokacin salla bai yi ba, ta shiga ɗakin Zakiyya ta daɗe.

Ƙarshen Rayuwa

Daga wannan shekara manoma suka fara zuwa neman irin, daga Wurno da Marnona da ƙauyukan Goronyo, kuma bai taɓa hana kowa ba. Sa'ad da rashin tsaro ya tayar da wasu ƙauyukan Rabah, ya ba iyalai da dama da suka sauka Wurno dashe da gefen fadama, ciki har da dangin mijin Sharifa. A kasuwa irin ya yi suna da 'yar Sarki, har an sami dillalin da ke rantsewa cewa daga wata fada ta fito. Waɗanda suka san cikakken laƙabin sukan yi shiru, don kada su ɓata ciniki.

Shi kuwa ya ɗauki maganar ƙanƙanta da muhimmanci. Ya yi shekara tara yana neman haɗa girma da juriya, ya ware kunya shida a ƙarshen fadama don wannan aiki, kuma ya sami ƙarin da Ja'afar yake gani, shi yake gani, Sauda ba ta gani. A 2021 ciwon ƙafa ya hana shi sauka, sai a kai shi a kan babur a zaunar da shi bakin gona yana nuni da sanda.

Rasuwa

Allah ya yi wa Malam Ɗahiru rasuwa ranar Juma'a, 3 ga Maris 2023, a cikin watan Sha'aban, da hantsi, a gidansa da ke Wurno, yana da shekara saba'in, albasar shekarar tana kwance a gona tana shan iska. An yi masa salla bayan an sauko Juma'a, aka binne shi a maƙabartar gari kusa da mahaifinsa. Manoman da suka halarta sun yi yawan da liman ya tambaya ko mamacin yana da sarauta ta gaske.

Sauda ta iso kafin a ɗauki gawa, ta zauna zaman makoki kwana bakwai kusa da Zakiyya, ta ce wa masu gaisuwa ya gudu ne bai gama aiki ba. A rana ta uku Sharifa ta ce mata: "Goggo, ko yanzu ba ki cewa albasar Baba ta yi?" Ta ce: "Shi ya taɓa tambayata? Shekara arba'in da huɗu bai tambaya ba. Ya sani."

Ya rasu ya bar matarsa Zakiyya da 'ya'ya shida: Sharifa, tana aure a Rabah, Ja'afar, wanda ya karɓi fadama da rudu da kunya shidan nan, Abubakar, malamin firamare a Marnona, Hussaina, tana aure a Sisawa, Mujaheed, mai gyaran injin ban ruwa a Goronyo, da Zaharadeen, wanda ba ya cin albasa. Ya bar jikoki ashirin da uku. Ya kuma bar taubashiya guda a Goronyo, wadda ta daina sayar da tuwo, ba ta daina ajiye gwangwanin iri a ƙarƙashin gadonta ba, domin a cewarta mutanen Wurno ba abin amincewa ba ne da ajiya. Allah ya gafarta masa, ya karɓi nacinsa a cikin ayyukan alheri, ya ba ta haƙurin rashin wanda za ta ce wa bai yi ba.